Kafin ka sauya furosesa da bod: Dalilin da ya sa tsohon RAM ɗinka ba lallai ya bi ka ba

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, wato sabuntawar tsaro ta kyauta da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi su shiga kwamfuta. An bar 'yar ƙofar ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma alƙiblar a fili take: ana so kowa ya koma Windows 11. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take amincewa da ita ba. A ɓangaren Intel, jerin sunayen da Microsoft ya fitar ya fara ne daga zubi na 8, in ban da 'yan ƙalilan daga zubi na 7. A ɓangaren AMD kuma ya fara daga akasarin Ryzen 2000 zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke kan teburan ma'aikatu da shagunan buga takardu da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta a ƙasar nan sun girmi wannan iyaka, domin na hannu aka sayo su tun asali.

Shi ya sa maganar sauya kayan ciki ta yawaita. Mai kwamfuta ya je wurin mai gyara, a gaya masa cewa zai sayi sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da kuma babban allon da komai ke zaune a kansa, wanda ake kira madabod, ko bod a taƙaice. Ya yi lissafin kuɗin abu biyu, ya amince. Sai an kwance na'ura sannan maganar abu na uku ta taso: RAM ɗin da ke cikin tsohuwar ba zai shiga sabon bod ba. A nan ne akan fara zargin mai gyara da neman ƙarin riba. Wani lokaci zargin yana da tushe, amma a mafi yawan lokuta gaskiya ya faɗa, kuskurensa kawai shi ne bai faɗe ta tun kafin a yi ciniki ba.

Abin ya ƙara nauyi ne saboda daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyinsa, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma sun karkata hankalinsu ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu saye da yawa. Abin da a da ake ɗauka a matsayin ɗan cikon lissafi, yanzu yana iya zama kaso mai tsoka na kuɗin aikin gaba ɗaya.

Wa ke yanke hukunci a kan RAM?

Ɗan kasuwa zai fi saurin gane aikin RAM idan ya tuna da shagonsa. Akwai sito, inda kaya ke kwana, shi ne had-disk ko SSD. Akwai kanta, inda ake baje abin da ake cinikinsa a wannan lokaci, ita ce RAM. Da an kashe kwamfuta sai kanta ta koma wayam, sito ne kawai ke riƙe kaya. Idan kanta ta yi ƙanƙanta, sai a yi ta zarya zuwa sito, kuma wannan zaryar ce mai amfani da kwamfuta ke ji a matsayin nauyi da jan ƙafa.

Tsakanin furosesa da RAM akwai wani sashe mai kula da kai-komon bayanai, shi ke sanin lokacin aikawa da lokacin karɓa da irin siginar da za a yi magana da ita. A da can wannan sashe a kan bod yake. Kamfanin AMD ya mayar da shi cikin furosesa a 2003 da fitowar Athlon 64, Intel kuma ya bi sahu a 2008 da Core i7 na farko. Tun daga lokacin, furosesa ce ke da ta cewa ta farko a kan irin RAM ɗin da za a yi aiki da shi. Bod yana da ta biyu, domin shi ke ɗauke da gurbin da za a soka katin RAM, kuma kowane gurbi iri ɗaya tak yake karɓa. RAM ba shi da ta cewa ko kaɗan. Duk girmansa, duk tsadarsa, idan waɗancan biyun ba su san irinsa ba, sai dai a ajiye shi a gefe.

Irin da ake magana a kai shi ne abin da ake rubutawa DDR3, DDR4 ko DDR5. Wata ƙungiyar masana'antu mai suna JEDEC, mai hedikwata a Amurka, ita ke tsara ƙa'idojinsu. DDR3 ya shigo kasuwa a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya isa kwamfutocin jama'a a ƙarshen 2021. Mai karatu kada ya ɗauka cewa kamar fulogin caja ne, wanda sabo kan yi aiki da tsoho ko da a hankali. Babu wani jituwa tsakanin zubi da zubi, ba gaba ba baya. Ƙarfin wutar da suke sha ma daban ne: DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1. Shi DDR5 har ɗan na'urar daidaita wutarsa yake ɗauke da ita a jikinsa, aikin da a da bod ke yi.

Domin kada a yi kuskure, masu ƙira sun bar wani giɓi a tsakiyar haƙoran zinaren da ke gindin katin, suka kuma sa wani ɗan tudu a cikin gurbi wanda zai faɗa cikin giɓin. Wurin giɓin yana sauyawa daga zubi zuwa zubi. Katin DDR3 na kwamfutar tebur haƙora 240 gare shi. Na DDR4 da na DDR5 kowanne 288, tsawonsu ɗaya, kuma da ido sun yi kama ƙwarai, giɓin ne ya ɗan gusa. Wannan kamannin ya jawo asarar bod ba ɗaya ba ba biyu ba, saboda akwai masu ganin idan abu ya ƙi shiga, ƙarfi ne bai isa ba. Katin da ya dace yana shiga da matsi madaidaici, maƙallan gefe su rufe da kansu. Wanda ya tsaya a kan tudun kuwa, ba nasa ba ne, ko kuma an juya shi baibai.

Lambar zubi, ba sunan i5 ko i7 ba

A kasuwa akan ji mai saye yana cewa shi dai a ba shi Core i7. Wannan suna shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai game da shekarun na'ura, balle irin RAM ɗinta. Lambar da ke biye ce ke magana. A i5-4570, lambar farko 4 ce, zubi na 4 ke nan, na shekarar 2013. A i5-8500 zubi na 8 ne. A i5-12400, lambobi biyu na farko ake karantawa, zubi na 12. Core i3 na zubi na 12 ya yi wa Core i7 na zubi na 3 fintinkau a aikin yau da kullum.

Daga zubi na 2 zuwa na 4, kwamfutocin tebur na Intel DDR3 suke amfani da shi. Waɗannan su ne suka cika ofisoshi da yawa. Zubi na 6, wanda ya fito a 2015, shi ya kawo DDR4 ga talakawan kwamfutoci, ko da yake an ƙera wasu bod nasa masu gurbin DDR3 mai ƙarancin wuta. Akwai masu gyaran da kan ba da shawarar a sayi irin wannan bod don a ceci tsohon RAM. Ga wanda Windows 11 ce ta taso shi, wannan kashe kuɗi ne a banza, tunda zubi na 6 ba ya cikin jerin da aka amince da shi. Daga zubi na 8 zuwa na 11 DDR4 ne, in ban da ɗaiɗaikun bod da ba kasafai ake cin karo da su ba. Ke nan duk wanda zai tashi daga zubi na 4 zuwa na 8, ya sa kuɗin RAM a lissafinsa tun daga gida.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani, ko da yake ba na RAM ba ne kai tsaye. Zubi na 6 da na 7 da na 8 da na 9 duk suna zama a soket mai suna LGA1151. Furosesar zubi na 8 za ta zauna daram a bod ɗin zubi na 6, a rufe, a ɗora fanka, amma ba za ta tashi ba. Tana buƙatar bod mai lamba ɗari uku da wani abu, kamar H310 ko B360 ko Z370. Shigar abu cikin gurbi ba ta nufin an dace.

Inda lamarin ya fi rikitarwa shi ne zubi na 12 da na 13 da na 14, masu soket LGA1700. Waɗannan furosesoshi sun iya aiki da DDR4, sun kuma iya da DDR5. A nan hukunci ya koma hannun bod. Kamfani ɗaya kan fitar da bod iri ɗaya kashi biyu, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, sai dai a ƙarshen sunan ɗayan an ƙara D4 ko DDR4. Wanda yake da DDR4 mai kyau a tsohuwar na'urarsa, waɗannan 'yan haruffa su ne bambanci tsakanin ya ci gaba da amfani da abinsa da ya sake sayen wani. Sababbin Core Ultra na tebur da suka fito a Oktoban 2024 da soket LGA1851 kuwa sun rufe wannan ƙofa, DDR5 kaɗai suka sani.

Lissafin AMD ya fi sauƙi. Soket AM4, wanda Ryzen na farko ya zo da shi a 2017, DDR4 ne daga farko har ƙarshe. AM5 da ya fito a Satumban 2022 DDR5 ne zalla. Kuma masu AM4 sun yi sa'ar da masu Intel ba su samu ba. Soket ɗin ya daɗe, har ta kai mai bod irin B450, da ma da yawa daga cikin B350, zai iya cire Ryzen na farko ya sa Ryzen 5 5600, bai taɓa bod ba, bai taɓa RAM ba, kuma Windows 11 ta karɓe shi. Sharaɗin shi ne a sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod, kuma a yi hakan tun tsohuwar furosesa tana ciki. Idan aka riga aka sayar da ita, sabuwar kuma bod bai san ta ba, an shiga tsaka mai wuya, sai fa in bod ɗin yana da maɓallin sabuntawa ba tare da furosesa ba. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kada a kuskura a fara sabunta BIOS sai na'ura tana kan UPS ko inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe bod.

Abin da ke rubuce a jikin katin

Kowane katin RAM na kirki yana da 'yar takarda manne a jikinsa, kuma layi ɗaya a cikinta ya isa ya raba gardama. Idan an ga PC3, DDR3 ne. PC4 DDR4 ne, PC5 kuma DDR5. Lambar da ke biye gudu take nunawa: PC3-12800 shi ne DDR3-1600, PC4-2666 kuma ya faɗi gudunsa kai tsaye.

A katunan DDR3, harafin da ke ƙarshen lambar yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. U na nufin na kwamfutar tebur ta gama-gari. S na nufin ɗan gajeren kati na laftof. R kuwa na nufin na manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai ne, waɗanda ake kira saba. A DDR4 ma haruffan na nan, sai dai sun koma farkon rukunin da ke bin lambar gudu, a ga UA ko SA ko RA da makamantansu. Irin na saba yakan shigo cikin kayan tokumbo da yawa, domin kamfanonin ƙasashen waje kan sauke tsofaffin na'urorinsu a lokaci guda, kuma yakan zo da girma mai jan hankali a farashi mai rahusa. Giɓinsa daidai yake da na gama-gari, zai shiga gurbi lafiya lau. Sai a kunna, fanka ta yi ta juyawa, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Furosesar Core da Ryzen ta gida ba ta aiki da RAM mai harafin R. Idan aka ga 2Rx4 ko 1Rx4 a rubuce, shi ma alama ce mai ƙarfi cewa na saba ne. Na gama-gari yakan zama 1Rx8 ko 2Rx8 ko 1Rx16.

Sai kuma harafin L. PC3L shi ne DDR3 mai shan bolt 1.35 maimakon 1.5. Laftof na zubi na 4, irin waɗanda har gobe ake sayarwa da yawa, wannan suke buƙata, kuma da dama daga cikinsu ba sa tashi idan aka sa masu PC3 marar L. Akasin haka ba ya cika kawo matsala, mai L yakan yi aiki a tsohuwar na'ura mai bolt 1.5. Don haka ga mai sayen DDR3 a yau, mai L ya fi zama abin dogaro.

Takarda dai takarda ce, ana iya ɓare ta a manna wata. Abin da ba a cika iya sauyawa da sauƙi ba shi ne bayanin da ke cikin wata 'yar ƙwaya a jikin katin, wadda bod ke karantawa idan an kunna. Ƙaramar manhajar CPU-Z, wadda kyauta ake sauke ta, tana nuna wannan bayani: girma, iri, gudu, da sunan kamfani. Ita ce kuma ke nuna ainihin sunan bod da furosesa ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ko Task Manager na Windows yana nuna gudun RAM da yawan guraben da aka cike.

Gudu da girma

Samun irin da ya dace shi ne rabin farko. Bayansa sai maganar gudu, kuma a nan ne ake yawan biyan kuɗin abin da ba za a mora ba. Kowace furosesa tana da iyakar gudun da kamfani ya tabbatar mata. Core i3-8100 ta tsaya a 2400, i5-8400 a 2666. Idan aka sa wa i5-8400 katin 3200 a kan bod irin H310 ko B360, zai yi aiki, amma ba zai wuce 2666 ba, domin waɗannan bod ba sa bari a haura iyakar. Ba a yi asarar na'ura ba, an dai yi asarar bambancin farashi. Ryzen 5 5600 da i5-12400 kuwa suna kai wa 3200 a DDR4 ba tare da wata dabara ba.

Akwai kuma katunan da aka yi domin masu wasannin kwamfuta, masu rigar ƙarfe mai sheƙi, wani lokaci har da fitilu. Lambar da ke kan kwalinsu ba ita ce gudunsu na asali ba. Idan aka sa su aka kunna, sukan tashi a 2133 ko 2400, sai an shiga BIOS an kunna wani tsari da Intel ke kira XMP, AMD kuma ke kira EXPO a kan DDR5, sannan su kai abin da aka yi alkawari. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo galibi ba su da wannan zaɓi a BIOS ɗinsu sam. A irinsu, kati marar ado, kore, mai rubutun PC4-3200AA, ya fi mai fitilu gudu, ya kuma fi shi araha.

Haɗa kati biyu mabambanta ba haramun ba ne, kuma sau da yawa yana tafiya lafiya. Ƙa'idar ita ce duka za su sauko zuwa gudun wanda ya fi rauni. Amma babu tabbas, musamman a DDR5, kuma rashin jituwa ba kullum yake bayyana nan take ba. Yakan zo ne a matsayin shuɗin sikirin sau ɗaya a mako, ko takardar Excel da ta lalace ba dalili, abin da akan ɗora wa bairos ko wutar lantarki.

Kati biyu masu gigabait 8 sun fi ɗaya mai 16 amfani, saboda furosesa tana da hanyoyi biyu na zuwa wurin RAM, kati ɗaya kuma hanya ɗaya yake buɗewa. Bambancin ya fi fitowa a na'urorin da ba su da katin hoto na daban, wato kusan dukkan na ofis, tunda a cikinsu hoton da ke kan sikirin ma daga RAM yake cin abinci. A bod mai gurabe huɗu, ba a jera biyun kusa da juna. Yawancin kamfanoni na cewa a sa a gurbi na biyu da na huɗu idan an ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Cike guraben huɗu duka ba kullum ne alheri ba: AMD da kansa ya rubuta cewa Ryzen 7000 yana kai wa 5200 da kati biyu, amma da huɗu 3600 kawai ya ɗauki alkawari.

Girma ma yana da rufi. Furosesar tebur ta zubi na 4 ba ta wuce gigabait 32 gaba ɗaya, kuma kowane gurbi 8 yake ɗauka. Windows mai bit 32, wadda har yanzu akan tarar a tsofaffin na'urori, ba ta ganin abin da ya haura gigabait 4 ko nawa aka zuba mata.

A ganina, ga mai aikin Word da Excel da burauza da manhajar lissafin shago, gigabait 16 na DDR4 a kati biyu ya wadatar, kuma ba zai ji wani bambanci a hannunsa ba idan aka ba shi DDR5. Abin da zai ji shi ne ƙarancin girma. Windows 11 ta ce gigabait 4 ya isa a ɗora ta, amma wanda ya gwada buɗe shafuka goma a kan 4 ya san cewa ɗorawa daban, aiki daban. Hujjar DDR5 ita ce gaba: wanda ke harhaɗa sabuwar na'ura daga tushe, yana kuma son ya sake sauya furosesa bayan wasu shekaru, hanyar DDR4 ta kusa ƙarewa gare shi.

Na'urorin da ba a sauya wa bod

Duk wannan bayani ya fi shafar kwamfutar da aka harhaɗa da kayan gama-gari. Ƙananan na'urorin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk labarinsu daban ne. Da yawansu bod ɗinsu da akwatinsu da na'urar raba wutarsu an ƙera su ne domin juna kawai, fulogin wutar ma ba irin na kowa ba ne. Sauya bod a cikinsu kan ja sauya akwati da na'urar wuta, ga RAM, ga furosesa. Idan aka tara, sabuwar kwamfuta aka saya gunduwa-gunduwa. Sau da yawa ya fi sauƙi a nemi irin na'urar ta zubi na 8 ko sama da haka, cikakkiya, ta hannu, a Computer Village da ke Ikeja ko Banex a Abuja ko shagunan Kano da Kaduna, a ɗauko SSD ɗin tsohuwar a mayar. Lasisin Windows ma a jikin bod yake rataye, sauya bod na iya sa ta nemi a sake tabbatar da ita.

Laftof kuwa maganar sauya furosesa kusan ta ƙare a kansa tun bayan zubi na 4, domin liƙe take da dalma a jikin bod. Katunansa gajeru ne, DDR3 haƙora 204, DDR4 260, DDR5 262, kuma ba sa shiga kwamfutar tebur ta gama-gari. A sirara daga cikinsu RAM ɗin ma liƙe yake, ana rubuta shi LPDDR. Haka kwamfutocin Apple masu M1 da suka fara fitowa a 2020 da na bayansu. Abin da aka saya da shi, da shi za a rabu.

Jami'in da ke rubuta takardar sayen kaya a ma'aikata ya kamata ya lura da wannan. Rubuta "Core i5, RAM 8GB" kawai ya buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo na'urar 2013 ya ce ya cika sharaɗi, kuma a takarda ya cika. A rubuta cikakkiyar lambar furosesa ko mafi ƙarancin zubi, a rubuta irin RAM da gudunsa, a faɗi ko ana son gurbi ya rage domin ƙari nan gaba.

Ranar haɗawa

Tsarin saye shi ne a zaɓi furosesa, sannan bod ɗin da ke ɗaukarta, sannan a buɗe shafin kamfanin bod ɗin a intanet a karanta irin RAM da gudu da girman da ya amince da su. Manyan kamfanoni kamar Asus da MSI da Gigabyte da ASRock kan wallafa jerin katunan da suka gwada, suna kiransa QVL. Rashin ganin kati a jerin ba ya nufin ba zai yi aiki ba, ganinsa ne ke ba da natsuwa.

A lokacin hunturu iska kan bushe, jikin mutum ya tara wutar da kan yi tsartuwa idan ya taɓa ƙarfe. Wannan 'yar wutar da ba ta wuce ta sa mutum ya zabura ba, tana iya lalata ƙwayar RAM. A cire fulogi daga bango, a taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kati, a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. Ƙurar da ke shiga gurbi ita ma takan hana na'ura tashi, kuma katuna da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa, hurawa da gogewa kawai suke buƙata.

Idan DDR5 ne, kunnawar farko tana iya ɗaukar mintuna sikirin yana baƙi, musamman a AM5. Bod ne ke gwada katin yana neman saitin da za su daidaita a kai. A ba shi lokaci kafin a fara cire-cire.

Tashin Windows ba shi ne shaidar lafiyar RAM ba. Windows tana da nata magwajin, Windows Memory Diagnostic, akwai kuma MemTest86 da ake ɗorawa a filashi a tayar da na'ura da shi, wanda ya fi zurfafa bincike, yana kuma cin sa'o'i. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, akwai matsala a katin ko a saitinsa. Tunda ba kowane shago ne zai bari a zauna masa na tsawon wannan lokaci ba, a yi yarjejeniya da mai kaya tun kafin a biya cewa za a gwada a gida, a kuma sa ya rubuta lambar katin da kwanakin da ya yarda a dawo da shi a kan rasit.

Tsohon DDR3 da aka cire kuma kada a bar wa mai gyara shi a matsayin kyauta sai da sani. A ofishin da ke da tsofaffin na'urori biyar masu gigabait 4 kowace, idan biyu sun tashi daga aiki, katunansu za su iya mayar da biyu daga cikin sauran su zama masu 8, muddin akwai gurbin da ya rage. Irin waɗannan za su ci gaba da buga takardu ba tare da an haɗa su da intanet ba, ko a ɗora masu Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ba sa tambayar zubin furosesa kafin su hau.